Yadda na gyara: NVDA ta ƙi karanta wa ɗalibata darasi

Akwai ɗaliba mai lalurar gani a ajina, da NVDA take karatu, manhajar nan ta kyauta mai karanto rubutun kwamfuta da murya. Na tura mata darasi a PDF, ta ce, "Malam, shiru nake ji." Na zargi lasifika, har na canza mata abin sawa a kunne. Ashe laifina ne: hoton takardar na ɗauka da waya, manhajar kuwa ba ta gane haruffa a cikin hoto sai an umarce ta. Muka danna maɓallin NVDA (maɓallin da ake ba manhajar umarni da shi) tare da R don ta ciro haruffan daga hoton, rubutun ya fito, amma ƙ da ɗ duk sun hargitse. Dole na zauna na sake buga darasin a Word. Yanzu tana bin sa layi-layi.