Yadda Ake Gano Ciwon Manhaja Idan Ta Yi Aiki a Kwamfutarka Ta Ƙi Yi a Shagon Mai Ita

Yaran da ke zuwa koyon rubuta manhaja wurina a Aboabo, cikin Kumasi a Ghana, kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Yaro zai kwashe wata biyu yana haɗa manhajar lissafin shago, ta yi kyau a laftof ɗinsa, ya mayar da ita fayil ɗin exe, wato wanda Windows ke kunnawa kai tsaye, ya zuba a filas, ya hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kejetia ko Adum ya saka wa mai shago. Kwana biyu sai ga waya, wai ta ƙi buɗewa. Sai ya dawo mini da maganar da kullum nake ji: "Malam, wallahi a wurina tana aiki." Na yarda tana aiki a wurinka, amma ba kai za ka yi ciniki da ita ba.

Ba zan tsaya bayanin yadda ake saka Python ko zana maɓalli ba, na ɗauka ka wuce nan. Misalaina na Python ne da Tkinter mai zana tagogi da SQLite mai riƙe bayanai da PyInstaller mai haɗa exe a kan Windows, domin da su muke aiki a nan. Mai C# ko Java ma zai ga nasa a ciki.

Mataki na farko: sa manhajar ta faɗi abin da ke damunta

Mafi yawan yara suna haɗa exe da umarnin --noconsole don kada baƙar tagar nan ta fito ta ɓata musu ado. To, a tagar nan ce manhaja take faɗin ciwonta. Ka rufe mata baki, sannan kana tambayar me ya same ta. Ka haɗa kwafi na biyu mai baƙar taga, ka ajiye shi a filas ɗinka. Idan ka isa shagon, ka buɗe cmd, wato tagar umarni ta Windows, ka jawo fayil ɗin ka sake shi a ciki, ka danna Enter. Ko manhajar ta mutu nan take, rubutun zai tsaya ka karanta. Daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe shi ne sunan kuskuren, sai ka hau sama har ka kai layin farko da ya ambaci fayil ɗin da kai ka rubuta. Can za ka fara tono.

Wanda ya fi wannan shi ne manhajar ta riƙa rubuta kowane kuskure a fayil ɗin rajista, da kwanan wata da lokaci. Python na da logging, layi uku ya isa. Sai dai ka lura, Tkinter ba ya mutuwa idan kuskure ya faru bayan an danna maɓalli. Yana jefa saƙon ne a baƙar taga ya ci gaba abinsa, idan kuma babu tagar, saƙon ya bi iska. Mai shago zai ce ya danna "Ajiye" bai ga komai ba. Don haka ka maye gurbin report_callback_exception da naka, wanda zai rubuta a rajista ya kuma nuna wa mutum saƙo. Wanda na kama ya rubuta except sannan pass a ƙarƙashinsa, wato ya haɗiye kuskure shiru, a gabana zai goge.

In mai shago ya kira, kada ka tambaye shi mene ne matsalar, zai ce maka ta lalace. Tambaye shi me ya danna na ƙarshe, me ya gani, me ya canza tun jiya. Ka ce ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar gaba ɗaya ya turo ta WhatsApp. Kuɗin mota ya huta.

Mataki na biyu: san kwamfutar da manhajar za ta zauna

Kwamfutocin shagunanmu yawanci na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka ga injin da idonka, ka rubuta winver ka ga wace Windows ce. Tun Janairun 2020 Microsoft ya daina kula da Windows 7, amma har yau za ka same ta a kan kanta. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kanta. Idan ka haɗa da 3.9 ko sama, za ta ce maka api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ya ɓace, kuma ba fayil ɗin ne matsalar ba. Haka exe da aka haɗa da Python mai 64-bit ba zai tashi a Windows mai 32-bit ba. Idan kukan VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ne, ka saka Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft kansa. Kada ka yarda ka sauke dll guda ɗaya daga shafukan da ba ka sani ba ka jefa a System32, ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfutar mutane.

Wani lokacin kuma manhajar kariya ce ke cafke exe ɗinka ta ɓoye shi, musamman wanda PyInstaller ya haɗa. Duba wurin da take killace fayiloli kafin ka zargi kanka.

Mataki na uku: ina bayanan suke kwana?

A nan zan daɗe, don nan ne na taɓa cutar da mutum ba da niyya ba, kuma har yau abin na raina.

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa da mai da sukari a sari ya ba ni aikin manhajar ciniki da bashi. Na haɗa ta da --onefile don ta zama fayil ɗaya tak, na kuma ce rumbun bayanan, wato shago.db, ya zauna kusa da __file__, wato inda fayil ɗin manhajar yake. A laftof ɗina babu wata matsala, domin ni daga folda nake kunna ta. Na saka masa ranar Asabar. Yaron shagon bai taɓa rufe manhajar ba, da yamma murfin laftof kawai yake kifewa ya tafi gida. Ranar Juma'a da za su masallaci ya danna alamar rufewa. Da suka dawo ya buɗe, fayau, ba ciniki, ba sunan mai bashi ko ɗaya.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, kuɗin mutane ne a ciki, ba nawa kaɗai ba." Na zauna a kan buhun shinkafa da laftof a cinya har aka kira Magariba ina neman fayil ɗin da babu shi. Allah ya taimaka yaron bai daina rubutu a tsohon littafinsa ba. Daga nan muka kwashe kwana biyu muna mayar da komai da hannu.

Ga abin da ya faru. Exe na --onefile kamar ƙunshi yake. Duk lokacin da aka kunna shi, sai ya kwance kayansa a wata sabuwar folda ta wucin gadi cikin Temp, mai suna da ya fara da _MEI da wasu lambobi. Daga can manhajar ke aiki, can kuma __file__ yake nunawa. Idan aka rufe ta lafiya, sai a share foldar gaba ɗaya, kuma ba ta bi ta kwandon shara. Ni da hannuna na ajiye littafin bashin Alhaji a ɗakin da ake sharewa kullum.

Idan hakan ta same ka, kafin ka fid da rai, rubuta %TEMP% a Run ka duba. Duk ranar da manhajar ta mutu ba shiri, ko wuta ta ɗauke, foldar _MEI ta ranar ba ta gogewa, kuma mai yiwuwa bayanan wannan zaman suna ciki.

Ƙa'idata tun daga ranar: kayan da manhaja ke karantawa kawai, irin tambari da hotuna, su zo daga sys._MEIPASS, wato foldar da PyInstaller ke ajiye kayan manhajar. Duk abin da take rubutawa, rumbun bayanai da rajista da saituna, ya tafi folda mai sunan manhajar a cikin LOCALAPPDATA. Ka ɗauko hanyar daga os.environ, ka ƙirƙiri foldar in babu, ka kuma sa manhajar ta rubuta cikakkiyar hanyar rumbun a rajista duk lokacin da ta tashi. Layin nan guda ya sha cetona.

Akwai ƙannen wannan matsala guda biyu. Na farko, ka rubuta sunan fayil tsirara, shago.db kawai, ba cikakkiyar hanya. Windows zai neme shi a foldar da aka kunna manhajar daga cikinta, kuma wannan na iya canzawa idan ta gajeriyar hanyar kan fuskar kwamfuta aka bi. SQLite kuwa idan bai sami fayil ba, ba ya kuka, sabo yake ƙirƙira wanda babu komai a ciki. Shi ya sa kake ganin "no such table" alhali ka san teburin na nan. Bincika kwamfutar duka da sunan fayil ɗin, sau da yawa za ka tarar da biyu ko uku, mai nauyin cikinsu shi ne na gaske. Na biyu, ka ajiye rumbun a Program Files, inda Windows ba ya barin kowa ya yi rubutu sai mai iko. Yara sukan magance wannan da kunna manhajar a matsayin mai iko. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. Matsar da fayil ɗin.

Ni yanzu ma na bar --onefile kwata-kwata. A tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa, kwance ƙunshin nan kullum yana sa mai shago ya ɗauka ba ta buɗe ba, ya ƙara dannawa sau uku. Ina amfani da --onedir, in naɗe shi da Inno Setup, mai haɗa fayil ɗin saka manhaja, wanda kyauta ake saukewa.

Mataki na huɗu: ka rubuta kamar yanzu za a ɗauke wuta

Wanda ya ga dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Ghana, ba sai an yi masa wa'azi ba. Ciniki ɗaya yakan taɓa wuri uku: rasit, ragowar kaya, da bashi. Su ukun su shiga da commit ɗaya, wato umarnin da ke tabbatar da rubutu a rumbu, ko su shiga tare ko su fasa tare. SQLite ya iya wannan sosai in ba ka hana shi ba, don haka kada ka kashe synchronous don neman sauri. Idan wuta ta ɗauke ka ga wani fayil mai ƙarewa da -journal ko -wal kusa da rumbun, kada ka goge shi, da shi SQLite zai gyara kansa idan aka sake buɗewa. In kana shakka, PRAGMA integrity_check zai gaya maka ko rumbun lafiya yake.

Kwafin ajiya kuma manhajar ce za ta yi da kanta kowace rana, da VACUUM INTO ko hanyar backup ta sqlite3, sunan fayil ɗin ɗauke da kwanan wata. Kada ka dogara da yaron shago ya tuna. Idan kwamfutar tebur ce, ka matsa wa mai shago ya sayi ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Zai ce tsada, ka ce ya kwatanta da bashin mako guda. In kuwa yana so kwamfuta biyu su yi aiki da rumbu ɗaya, kada ka raba fayil ɗin SQLite ta hanyar sadarwa, "database is locked" za ka yi ta gani. Lokacin PostgreSQL ya yi, rumbun da aka yi don kwamfutoci da yawa.

Mataki na biyar: haruffa, kuɗi, kwanan wata

Rubuta Ɗanladi ko Ƙasimu a wurin suna ka gwada, sannan ka gwada sunan Asante mai ɛ ko ɔ, da alamar sidi ₵. Idan ka ga UnicodeEncodeError da kalmar charmap, Windows ne ya buɗe fayil da tsarin cp1252, wanda bai san haruffan nan ba. Duk inda ka buɗe fayil ɗin rubutu ka sa encoding="utf-8". In kuwa CSV ne da za a buɗe a Excel, utf-8-sig. Ƙananan furintocin rasit da yawa ba su da alamar sidi, buga GHS kawai ka huta.

Kuɗi kada ka ajiye shi da float, wato lamba mai ɗigo. Tambayi Python 0.1 + 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004. Ajiye pesewa a cikakkiyar lamba, sidi 12.50 ya zama 1250, sai wajen nunawa ka raba da 100. Ka kuma tuna tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har gobe akwai dattawan kasuwa da ke cewa miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Ka sa manhajar ta tambaya idan adadi ya yi girman da bai saba ba.

Kwamfutar da ta zo daga Amurka tana fara rubuta wata kafin rana, don haka 03/04 a wurinta 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ajiye kwanan wata kamar haka: 2025-04-03. Idan kuma rasit ya fara fitowa da shekarar da ta daɗe da wucewa, ƙaramin batirin CR2032 na cikin injin ne ya mutu, canza shi.

Mataki na shida: daskarewa da sauran ƙanana

Idan taga ta yi fari ta rubuta "Not Responding", aiki mai nauyi ka ɗora wa zaren, wato thread, da ke kula da fuska. Daƙiƙa 5 Windows ke jira kafin ya rubuta haka. Mayar da aikin zare na biyu, amma kada zaren ya taɓa Tkinter kai tsaye, ya ajiye sakamako a queue, babban zare ya riƙa leƙawa da after. Kada ka sa time.sleep a cikin maɓalli. In maɓallin "Ajiye" ya faɗa ƙasan fuska, fuskar shagon 1366 da 768 ce ba irin taka ba, wajen jera maɓallai a Tkinter yi amfani da grid ka bar place.

Kafin yaro ya fita da filas daga wurina, akwai tsohuwar kwamfuta a kusurwa wadda ba a taɓa saka mata Python ba. A kanta zai saka manhajar, ya shigar da ciniki 10 da sunaye masu ƙ da ɗ, ya rufe, ya buɗe, ya ƙirga. Sannan ya fara shigar da na 11, ni kuma in zare wayar wuta daga bango. Mu kunna, mu sake ƙirgawa.