Babi na Bakwai: Zama da Kyarkeci a Kusa da Garke

Kyarkecin da wannan babi ke magana a kansa shi ne na ƙasashen sanyi, wato Turai da Arewacin Amurka da wasu sassan Asiya. Ya yi kama da kare, amma ya fi yawancin karnuka girma da tsawon ƙafa. Yana rayuwa ne cikin iyali, uwa da uba da 'ya'yansu, suna farauta tare, suna kuma tsare yankinsu daga duk baƙon kyarkeci. Uwar kan haihu sau ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu, yawanci 'ya'ya huɗu zuwa shida.

A gandun dajin Yellowstone na Amurka an kashe kyarketai na ƙarshe a 1926, daga nan wata babbar barewa mai rassan ƙaho da ake kira elk ta yi yawa, ta riƙa cinye ƙananan itatuwan bakin rafi tun ba su kai tsawon mutum ba. A 1995 da 1996 hukuma ta kawo kyarketai 31 daga Kanada ta sake su. Garken elk na arewacin gandun, wanda ya kai kusan 19,000 a lokacin, ya ragu zuwa kusan 4,000 a 2013, itatuwan kuma suka farfaɗo a wasu wurare. Sai dai ba kyarkeci kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin fari da maharba da sauran namun daji masu farauta duk sun taka rawa, kuma masana na jayayya har yanzu a kan girman sauyin. Hankaki da gaggafa dai sun amfana, domin suna samun ragowar nama ko da sanyi ya tsananta.

Wanda ke biyan kuɗin wannan amfani shi ne makiyayi. Kyarkeci ya koma Faransa da ƙafarsa daga Italiya a 1992, kuma a shekarun baya-bayan nan yana kashe dabbobin kiwo fiye da 10,000 a shekara, yawancinsu tumaki. Gwamnati na biyan diyya, tana kuma ba da izinin harbe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kyarketan kowace shekara. Harbin kaɗai bai magance matsalar ba, domin yankin da aka share wani iyalin ne zai shigo ya gaje shi, kuma zai tarar da tumakin a inda suke.

Abin da ya fi rage asara shi ne aikin dare. Ana tara tumaki kafin magariba a cikin shinge mai wutar lantarki, makiyayi kuma ya kwana kusa. Karen gadi, irin babban farin karen nan na duwatsun Faransa da ake kira patu, ana sa shi cikin 'yan raguna ne tun yana ɗan kwikwiyo, ya ci ya kwana tare da su, har ya ɗauke su tamkar danginsa. Kare ɗaya bai isa ya tare iyalin kyarkeci ba, shi ya sa ake haɗa biyu ko fiye. Wasu makiyaya kan kewaye makwancin da igiya mai rataye da jajayen tsummoki masu kaɗawa a iska. Kyarkeci na shakkar abin da bai saba gani ba, amma bayan makonni yakan gane cewa tsumma ba ya cizo, don haka an fi amfani da dabarar a lokacin haihuwar tumaki.

Karen gida kuwa, kyarkeci na kallonsa a matsayin abokin gaba da ya keta masa iyaka. A jihar Wiskonsin ta Amurka ana yawan rasa karnukan farauta a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ake sakinsu a dajin da kyarketai ke renon 'ya'ya. Mai kare a irin wannan wuri ya riƙe shi da igiya idan za su shiga daji, ya shigar da shi ɗaki da dare, kada kuma ya bar kwanon abincinsa a waje. Ko manyan mutane ba su tsira daga ɓarnar kyarkeci ba: a 2022 kyarkeci ya kashe ƙaramar goɗiyar Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar Turai, a Jamus, kuma a 2025 Tarayyar ta sassauta dokar kare kyarkeci, abin da makiyaya suka daɗe suna nema.

Mushe shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Tunkiyar da ta mutu aka yar a bayan shinge tana koya wa kyarkeci hanyar garke da ɗanɗanon naman tunkiya, kamar yadda makiyayanmu suka sani game da kura. A kwashe mushen a ranar da dabbar ta mutu, a binne shi da zurfi nesa da makwancin dabbobi, a kuma ɗora duwatsu a kan ramin.