Yadda za ku shiga gasar hakaton ku fito da manhajar da take aiki

Tsarin gasar hakaton ba shi da wuyar fahimta. Ana tara ɗalibai a zaure ɗaya, a ba su awa 24 ko 36, wani lokaci 48, su gina manhaja tun daga tushe, sannan su nuna wa alƙalai. An fara jin sunan ne a 1999, lokacin da masu gina OpenBSD, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, suka taru a birnin Calgary na Kanada, sai ɗaliban Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fara tasu, PennApps, a 2009, daga nan ta bazu a jami'o'i. Na ga sababbin shiga da yawa masu basira sun tashi hannu rabbana, kuma kusan abu guda ne ke kayar da su: suna ɗaukar aikin da ya fi ƙarfin lokacin da aka ba su.

Mataki na farko, tawaga. Mutum huɗu sun isa, gasa da yawa ma iyakar da suke yarda da ita ke nan. Biyu su riƙe kod, wato rubutun umarnin da ke sa manhaja aiki, ɗaya ya kula da fuskar manhajar, ɗaya kuma ya riƙe agogo da bayanin da za a yi wa alƙalai. Kada ku raina wannan na huɗun, shi ne zai ce muku "ya isa haka" lokacin da kowa ke son ƙara wani abu.

Tun kwana biyu kafin ranar, kowa ya saka duk kayan aikin da zai buƙata a kwamfutarsa, ku buɗe ma'ajiya ɗaya a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod ana aiki a kansa tare, kowa ya gwada tura ƙaramin gyara ya ga ya shiga. Kada ku kashe ko sisi wajen hayar saba, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta a intanet. GitHub na da kunshin kayan aiki kyauta ga wanda ya tabbatar shi ɗalibi ne, amma ku nema da wuri don tantancewar kan ɗauki lokaci. Ku karanta dokokin gasar kuma. Galibi an haramta zuwa da kod ɗin da aka riga aka rubuta na aikin.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya sosai, wato awa biyun farko. Ku rubuta aikinku a jimla ɗaya a takarda: wane ne zai yi amfani da shi, me zai danna, me zai gani. Idan jimlar ta ɗauki "da kuma" sau biyu, aikin ya yi yawa, ku rage. Na taɓa ganin tawagar da ta ce za ta haɗa majinyata da likitoci da masu sayar da magani, da taswira, da wajen hira, da wajen biyan kuɗi. Da aka kai awa ta 30, abin da suke da shi shafin rajista ne mai kyawun launi, ka saka suna da kalmar sirri, ka danna, sai farin allo fayau. Ɗayansu yana zaune ya dafe kai, sauran ukun suna ta gardama a kan wanda ya goge aikin wani. Yaran sun iya aiki, kuma hakan ne ya fi ba ni takaici.

Ku dubi GroupMe. An gina ta ne a gasar hakaton ta taron fasaha na TechCrunch Disrupt a 2010, kuma abu ɗaya tak take yi a lokacin: ka tura saƙon tes guda, ya isa ga dukkan mutanen rukuninka. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin kiran waya ta intanet, Skype, ya saye ta. Irin wannan ƙanƙantar nake nufi.

Don haka doka ta a nan ita ce, ba shafin rajista, ba shafin mai kula da manhaja, ba biyan kuɗi, sai idan su ne ainihin aikin. Ku fara gina siririyar hanya guda daga farko har ƙarshe, ko da munin gani ne, ta yadda kafin kashi ɗaya cikin uku na lokacin ya wuce mutum zai iya danna maɓalli ya ga sakamako. Ado ya biyo baya. Idan ba ku da bayanan gaske, ku cika rumbun bayanan manhajar da na gwaji, amma ku faɗa wa alƙalai gaskiya cewa na gwaji ne. Kuma kada ku zaɓi wannan daren don koyon sabon yaren kwamfuta gaba ɗaya. Ku yi da wanda hannunku ya saba da shi, sabon abu ɗaya kawai za ku iya ɗauka.

Ku riƙa haɗe aikinku duk bayan awa biyu. Wanda ya ɓoye nasa a kwamfutarsa har asuba, ranar haɗewa Git, manhajar da ke haɗe kod ɗin kowa, zai cika masa allo da saɓani, gyaran kuma ya cinye lokacin da babu shi. Ku yi barci bi da bi, ko na awa uku ne.

Saura awa uku a tashi, ku ajiye kod. Ba ƙari, sai gyaran abin da ya karye. Ku ɗauki bidiyon manhajar tana aiki, domin intanet na iya yankewa daidai lokacin da kuka hau dandamali. Ku tura aikin da wuri, ko ta Devpost ne, shafin da ake miƙa ayyukan gasa, ko duk inda aka ce. Wajen bayani yawanci minti biyu zuwa uku ake bayarwa: jimla ɗaya kan matsalar, sai ku nuna abin, gani ya kori ji. Ku maimaita shi da agogo a hannu.

Ku kuwa masu shiryawa, ku fara da intanet da wuta. Ku lissafa na'ura biyu ga kowane ɗalibi, kwamfuta da waya, kuma kowane tebur ya samu soket isasshe. Ku bayyana ma'aunin alƙalanci tun kafin a fara, ku samo gogaggu da za su riƙa zagayawa suna taimakon tawagogin da suka maƙale. Ku yi lissafin lokacin alƙalai kuma: tawaga 30, kowace minti 5, awa biyu da rabi ke nan, don haka ku raba alƙalan rukuni-rukuni, a tace, sannan a fito da kaɗan zagaye na ƙarshe.