Yadda za ka yi feshi a lambu ba tare da ka yanke wa kwaɗi da tsuntsaye zuri'a ba

Duk wanda ya taɓa yin lambu a bakin rafi nan Kumasi, ko ta wajen Gyinyase ko gefen rafin Wiwi, ya san da damina kukan kwaɗi har hana mutum jin maganar na kusa da shi yake. Ni a nawa fangalin yanzu sai in kasa kunne kafin in ji biyu ko uku. Kuma ban taɓa ganin gawar kwaɗo birjik ba fa, abin da ya daɗe yana ruɗa ni ke nan. Ashe maganin ba sai ya kashe babba ba, ƙwai da talibambam yake ci, ko ya lalata wa babban haihuwa, sai shekara ta zagayo ka ga babu sababbi.

Haka maganin ƙwari na DDT ya yi wa mikiya da shaho a Amurka, tsuntsun na nan da ransa yana tashi lafiya, amma ɓawon ƙwansa ya yi laushi, uwa na kwanciya a kai sai ya fashe, har sai da suka hana shi a 1972 sannan tsuntsayen suka fara dawowa. To ga yadda ni nake yi yanzu.

Farko tun a shago abin ke farawa. In ka shiga Kejetia sayen magani kar ka karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa ko ƙullin leda ba suna ba takarda, komai arharsa, wallahi ba ka san me ka saya ba. Nemi mai lambar rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana, a jiki, sannan ka dubi launin da ke gindin kwalbar: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, kore shi ne mai sauƙi. Akwai kuma ƙananan hotuna a wajen, in ka ga hoton kifi to ana ce maka ne kar ya kusanci ruwa. Irin su lambda, wanda mutane suka fi sani da Karate, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Wanda ya ce maka yana da tsohon Gammalin 20 a ɓoye kuwa ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce, lindane ne a ciki, tun 2009 aka sa shi a jerin abubuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta hana, don ba ya saurin ruɓewa, a kitsen dabba yake taruwa.

Na biyu, kafin ka goya famfo ka tsuguna ka ɗaga ganye ka duba. Da yawanmu feshin kalanda muke yi, duk sati sai an yi ko akwai tsutsa ko babu, wai riga-kafi. In tsutsar kabeji ba ta yi yawa ba a tsince da hannu, ko a yi ruwan dogon yaro: a daka busassun 'ya'yansa kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Ba ya kashewa nan take, hana tsutsa ci da girma yake, sai ka yi haƙurin kwana biyu uku. Shi ma dai kar a zuba ragowar a rafi.

In dole sai na kanti, to awo. Abin da takarda ta ce a famfo mai lita 15 shi za ka sa, da murfin awo, ba gwangwanin madara ba. Wannan al'adar ta haɗa kala uku huɗu a famfo ɗaya don ya yi "ƙarfi" asarar sidi ce kawai, ƙwarin ma sabawa suke.

Lokaci kuma shi ne wajen da na fi jin takaici, don bai cin ko pesewa ɗaya amma an ƙi. Ƙudan zuma da hantsi zuwa rana suke kan fure, ka yi feshinka bayan la'asar sakaliya lokacin da suka koma, kuma in kuɓewa ko gauta na cikin fure ka ɗaga ƙafa in da hali. Confidor da Actara da ake fesa wa koko, wasu kuma su karkato da su lambu, ruwan jikin shuka suke bi har cikin fure, ƙudan da ya sha ko bai mutu ba sai ya rikice ya kasa gane hanyar amya. Tarayyar Turai ta hana fesa irinsu a fili tun 2018. Ranar iska kar ka yi, in hadari ya haɗo kar ka yi, ruwa zai wanke kuɗinka ne ya kai rafi.

Sai maganar bakin ruwa. Bar ciyawa tsakanin fangalin ƙarshe da rafi, ni taku goma nake bari, jema ma ta fi don saiwarta na riƙe ƙasa. Na san fili na tsada, mai lambu na ganin wannan gefen kamar latas ɗin da bai shuka ba ne, amma nan ne kwaɗo ke zuwa ƙwai, kuma fatarsa shan ruwa take kamar soso, duk abin da ke cikin ruwan ya shiga jikinsa. Atrazine na ciyawar masara an gwada shi a kan kwaɗi an ga wasu mazan sun fara ɗaukar siffar mata. Ruwan nan kuma ba a Kumasi yake tsayawa ba, Subin da Aboabo da Sisa duk Oda suke faɗawa, Oda ta kai Offin, Offin ta kai Pra, ga zaibar 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na jiran su a hanya, kifi ya kwashi duka biyun, balbela ta ci kifi, mu ma mu ci.

Ka gama, kar ka wanke famfo a rafi, ɗebo ruwa a bokiti ka yi nesa. Kwalbar da ta ƙare a zuba mata ruwa kwata, a girgiza, a juye cikin famfo, sau uku, sannan a huda gindinta don kar wani ya mai da ita ta manja ko ta ruwan sha.

Abu biyu da ba feshi ba amma suna kashe tsuntsu sosai. Irin masara mai jan magani a jiki, wanda ya zube a rufe shi da ƙasa, kurciya da zabi tsincewa suke. Ɓeran da shinkafar ɓera ta kashe kuma a binne shi da zurfi, in ka wurga bola mujiya ko mage ko ungulu ce za ta ɗauka. Masu kiwo a Zango su ma su ji: a Indiya allurar diclofenac da ake yi wa shanu ita ta lalata wa ungulaye ƙoda, fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare kafin a hana ta ga dabbobi a 2006. Tamu ungulun da ke cika mahauta da, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa. In saniya ko tunkiya ta mutu bayan an yi mata allura a haƙa rami, kuma ka tambayi likitan dabbobi meloxicam, shi an tabbatar bai cutar da su.