Yadda ake renon ɗalibi ɗan wasa a ƙungiyar tanis ta maza a jami'o'in Amurka

Duk wanda aka damƙa wa ƙungiyar tanis ta maza a wata jami'a ta Amurka, abin da ya kamata ya fara zama masa a kai shi ne lissafin maki bakwai. Idan jami'o'i biyu suka haɗu a rukuni na ɗaya na NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ana fara buga wasan bibbiyu a filaye uku, kuma ɓangaren da ya ci biyu daga cikin ukun shi ke ɗaukar maki ɗaya tak. Daga nan sai 'yan wasa shida daga kowane ɓangare su shiga wasan ɗaiɗai, kowane fili da makinsa ɗaya, wanda ya riga kaiwa maki huɗu kuwa ya yi nasara. Ana jera 'yan wasan bisa ƙarfinsu, mafi gwaninta a fili na ɗaya. Ke nan makin da ɗan fili na shida ya kawo bai gaza na gwarzon fili na ɗaya da komai ba, kuma kocin da ya tattara hankalinsa kan gwarzonsa kaɗai zai tarar cewa maki ɗaya ya yi wa hidima, ya bar shida a hannun sa'a.

A shekarar 2021, lokacin da Jami'ar Fulorida ta doke Jami'ar Baylor ta ɗauki kofin ƙasa karon farko, makin da ya rufe wasan daga fili na biyar ya fito, daga hannun wani ɗan aji ɗaya mai suna Ben Shelton, wanda mahaifinsa Bryan Shelton ne kocin ƙungiyar. Shekara guda bayan haka matashin ya lashe gasar ɗaiɗai ta NCAA, sannan ya koma wasan ƙwararru. Da an ɗauki fili na biyar a matsayin wurin cike gurbi, da labarin ya sha bamban.

A fara da takardar karatu

Kafin koci ya yi sha'awar bugun wani matashi, ya nemi ganin sakamakonsa na sakandare. Rukuni na ɗaya yana buƙatar darussa 16 da hukumar ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 bisa 4 a cikinsu, kafin sabon ɗalibi ya buga gasa a shekararsa ta farko. Bayan ya shiga jami'a kuma sharaɗin bai ƙare ba: dole ya yi rajistar aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin nauyin darussa, a kowane zangon karatu, ya kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. Wanda ya gaza waɗannan, benci ne makomarsa, komai zafin hannunsa.

Saboda haka ranar da aka zauna tsara jadawalin atisaye, jadawalin darussa ne ke fara hawa tebur. Dokar hukumar ma ta hana ɗalibi barin aji don halartar atisaye a gida. Abin da ke cin 'yan tanis shi ne zangon Janairu zuwa Mayu, lokacin da wasannin ƙungiya ke bin juna ƙarshen mako bayan ƙarshen mako, ana fita tun Alhamis ko Juma'a, a dawo Lahadi da dare. Dabarar ita ce a haɗa kai da mai ba ɗalibai shawara kan karatu, a tura darussa masu nauyi da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje zuwa zangon Agusta zuwa Disamba, sannan a makon farko na zangon tafiye-tafiye kowane ɗalibi ya kai wa malamansa jerin ranakun da ba zai kasance a aji ba. Shi da kansa zai kai, ya tsaya gaban malamin ya yi bayani, domin malamin da ya san fuskar ɗalibi tun Janairu ya fi sauƙin sauya masa ranar gwaji a Afrilu.

Sa'o'i ashirin

A lokacin kakar wasa, hukumar ta ƙayyade wa koci sa'o'i 20 a mako, ba fiye da huɗu a rana ba, tare da hutun yini guda a kowane mako. Ranar gasa ana ƙirga ta sa'o'i uku, ko da wasan ya kai mutane dare. Idan akwai wasa biyu a mako, sa'o'i shida sun tafi, saura 14, kuma a cikinsu ne za a cusa atisayen ƙungiya, ɗaga ƙarfe, gudu da kallon bidiyo. Idan kaka ta wuce, sa'o'in kan sauka zuwa takwas.

Wanda yake da ɗan lokaci haka ba ya ɓarnar da shi wajen jera mutum goma a layi yana jefa musu ƙwallo iri ɗaya. A farkon zango koci ya zauna da kowane ɗan wasa shi kaɗai, su fitar da abu biyu, ko uku idan an matsa, da za a gyara kafin zangon ya ƙare, a rubuta su a takarda. Wani bugun farawarsa na biyu ne ke rawa idan wasa ya yi zafi. Wani kuma yana tsoron matsowa raga, ya gwammace ya tsaya can baya yana mayar da ƙwallo har abokin karawa ya gaji. Sai a ware wa kowa rabin sa'a ko sa'a guda a mako tare da koci ko mataimakinsa, kuma a kula kada wannan rabon ya ƙare a kan na sama, domin na fili na biyar da na shida, da waɗanda ba su shiga jerin shida ba ma, su ne gyara ya fi saurin bayyana a wasansu. Babban gyara, irin sauya riƙon raket ko salon bugun farawa, a yi shi tsakanin Satumba da Disamba, lokacin da yawancin gasanni na ɗaiɗaikun 'yan wasa ne. Wanda ya taɓa riƙon ɗan wasa a watan Maris ya jefa shi cikin ruɗu a daidai lokacin da ƙungiya ke buƙatar makinsa.

Sannan a horar da su kan dokokin da za su tarar a fili, waɗanda suka bambanta da na gasar ƙwararru. A nan idan maki ya kai 40-40, wato an yi kunnen doki, ba a jiran sai wani ya ci ƙwallo biyu a jere kamar a gasar ƙwararru: ƙwallo ɗaya ce ke raba su, kuma mai karɓa ne ke zaɓar ɓangaren da za a bugo masa. Haka kuma a wasan maza na rukuni na ɗaya, idan bugun farawa ya shafi raga ya faɗa cikin gidan da ake bugawa, ba a sakewa, wasa ya ci gaba. Don haka a riƙa fara atisaye daga 40-40. Koci ya tsayar da mutum biyu, sauran su kewaye filin suna ihu kamar yadda ɗaliban wata jami'a za su yi musu, mai karɓa ya nuna ɓangarensa da raket, mai bugu kuma ya faɗa wa koci a kunne inda zai aika ƙwallon kafin ya cilla ta sama. Idan ya aika ta inda ya faɗa, ko da ya rasa makin, a yaba masa. Idan ya sauya shawara ƙwallo tana sama don tsoro, a tsayar da shi a sake, domin abin da ake koya masa shi ne ya yanke shawara ya tsaya a kanta.

Wasan bibbiyu seti ɗaya ne kacal, wato turmi guda, yakan ƙare cikin kusan rabin sa'a, kuma ƙungiyar da ta ɗauki makinsa nasara uku kawai take nema a filaye shida, abokiyar karawarta kuwa huɗu. Yawancin matasa suna zuwa jami'a ba su san shi sosai ba, saboda tun suna ƙanana wasan ɗaiɗai aka fi auna su da shi. A ba shi lokacinsa a kowane mako, a gwada haɗi iri-iri kafin Janairu, kuma kada a ɗauka cewa gwanaye biyu su ne haɗin da ya fi kyau. Sau da yawa mai ƙarfin bugun farawa da mai saurin hannu a raga sun fi su jituwa.

Hali a fili da wajensa

Akwai wani abu a tanis na jami'a da ke tona asirin tarbiyyar da koci ya bayar: ɗan wasa ne ke faɗin ko ƙwallon da ta faɗo ɓangarensa ta fita ko tana ciki, alƙali kuma ya soke hukuncin idan ya ga ba daidai ba ne. Matashi ɗan shekara 19, ana 40-40, abokansa na kallo, ƙwallo ta sauka a bakin layi, ba ƙaramin gwaji ba ne. Koci ya faɗa tun ranar farko cewa ƙwallon da aka yi shakka a kanta ta abokin karawa ce, kuma ranar da gwarzonsa ya ci amanar layi a atisaye ya hukunta shi a gaban kowa kamar yadda zai hukunta na benci. Shi ma kocin yana da nasa gwajin, domin doka ta ce a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, kuma saukar da gwani zuwa ƙasa don ya kwashi maki cikin sauƙi maguɗi ne da ɗalibai ke ganewa tun kafin abokan hamayya su kai ƙara. A bayyana wa kowa ma'aunin da ake bi wajen jeri, wanda aka sauke kuma ya ji daga bakin koci a ofis kafin ya gani a allo.

Fiye da rabin 'yan tanis maza a rukuni na ɗaya daga wajen Amurka suke zuwa, kuma abin ya daɗe: Nduka Odizor ɗan Najeriya ya buga wa Jami'ar Houston kafin ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon a 1983. Baƙon da ya sauka a watan Janairu yana fama da sanyi, sabon abinci, lacca da Turanci mai sauri da kewar gida a lokaci guda, ga wasa na jiransa cikin makonni biyu. A haɗa shi da wani ɗan ajin ƙarshe da zai nuna masa hanya, kuma kada a auna shi da sakamakon watansa na farko. Idan Musulmi ne, azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin kakar wasa, sai a zauna da shi da mai kula da lafiyar 'yan wasa a tsara sahur, shan ruwa da lokacin atisaye. Batun kuɗi ma yana buƙatar kula: tun Yulin 2021 ɗalibai 'yan wasa suna iya samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu, amma bizar karatu ta F-1 tana taƙaita aikin da baƙo zai yi, don haka kada ya sa hannu kan wata yarjejeniya sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya duba.

Barci da jiki kuwa, a taƙaice: kafaɗa, gwiwar hannu da ƙugu ne suka fi ciwo, kuma wanda ya kwana yana karatun jarrabawa ba ya buƙatar gudun asuba. A makon jarrabawa a rage nauyi.

Bayan shekara huɗu

John Isner ya yi shekara huɗu cur a Jami'ar Jojiya, ya ɗauki kofin ƙasa da ita a 2007. Steve Johnson ya ci kofin ƙungiya sau huɗu a jere da jami'ar USC daga 2009 zuwa 2012, ya rufe da nasara 72 ba faɗuwa a wasan ɗaiɗai. Cameron Norrie ya bar jami'ar TCU bayan shekara uku. Duk waɗannan sun ci abinci da raket, amma su 'yan ƙalilan ne, kuma koci ya san haka fiye da ɗalibansa. A ƙarshen shekara ta biyu ya kamata a yi zaman gaskiya da gaskiya. Wanda sakamakonsa ya nuna yana da hanya, a tsara masa dogon hutu a ƙananan gasannin ƙwararru na ITF, hukumar tanis ta duniya, ya ɗanɗani tafiya shi kaɗai ba motar ƙungiya, ba mai biya masa otal. Sauran kuma a tura su neman gurbin koyon aiki a fannin da suke karanta, a haɗa su da tsofaffin 'yan ƙungiyar da suka riga su shiga ofisoshi da kamfanoni, kuma koci ya ajiye jerin sunayen tsofaffin nan da inda kowa yake aiki, yana sabunta shi duk shekara. Wanda ya yanke shawarar tafiya wasan ƙwararru kafin ya gama, kada ya kwashe kayansa sai an zauna da mai ba shi shawara kan karatu an rubuta masa kiredit nawa suka rage, da waɗanda zai iya ɗauka ta intanet yana kan hanya.