Kurakuran da muke yi idan mun kai yara kallon bisashe

Kashegarin Sallah, ko ranar Lahadi da babu lakwal, iyalai da yawa a Damagaram sukan kwashi yara su fita shan iska. Wasu su nufi lambun shaƙatawa inda ake ajiye ƴan dabbobi don yara su gani su taɓa, wasu garkar ɗan'uwa a hanyar Mirya, wasu kasuwar bisashe wajen raguna da raƙuma. Wanda tafiya ta kai shi Yamai yakan biya da su gidan tarihi na Boubou Hama su ga zaki da dorina. Fita ce mai kyau, kuma ina son a riƙa yin ta. Sai dai mu da muka tashi da akuya a tsakar gida mun ɗauka mun gama sanin dabba, sai mu saki jiki. Yawancin kurakuran da nake gani daga wannan sabon suke fitowa. Akuyar gida ta san muryar uwargida, ta san ƙanshin yaran gidan. Ta lambu kuwa hannaye barkatai sun shafe ta tun safe, ta gaji, ba ta san ɗanka ba, shi ma bai san halinta ba.

Wanda ya fi duka yawa, kuma ya fi kwantar da yara, shi ne ci da hannun da ya taɓa dabba ba a sa masa sabulu ba. A gidanmu ya faru. Ɗiyar ƙanwata, ƴar shekara uku, ta rungumi wani jan ɗan akuya, irin jajayen Maradi ɗin nan masu santsin gashi, tana shafa shi tana dariya, shi kuma yana lasar yatsunta. Da muka koma tabarma uwar ta tsiyaya mata sauran piya-wata a hannu, ta goge da gefen zane, ta miƙa mata alkaki. Ina zaune ina kallo, ban ce komai ba, don a idona hannun ya fita fes. Kwana uku bayan nan zawo da amai suka kama yarinyar, idanu suka faɗa, sai da aka kwana da ita a likita ana ƙarin ruwa. Majo ya tambayi uwar: «Hajiya, me ta ci, me ta taɓa a kwanakin nan?» Sai a lokacin muka tuna da ɗan akuyan.

Abin da ya kamata a gane shi ne, dabba lafiyayya, mai ƙiba da sheƙi, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinta ba tare da sun dame ta ba: E. coli, Salmonella, Campylobacter, da wata mai suna Cryptosporidium da ta fi yawa a jikin maruƙa da ƴan tumaki. Suna fita ta kashi, dabbar ta kwanta a kai, sai su bi gashinta, su hau shinge da igiya da kwanon dussa da ƙasar wurin. Ko yaro bai taɓa dabbar ba, in ya dafa shinge ya kai yatsa baki ya isa. Kunkuru da ƴan tsaki, waɗanda muke ganin su ne marasa illa har mu ɗora wa jariri a cinya, su ne aka fi sani da Salmonella. Yaran da ba su kai shekara 5 ba su suka fi shan wuya, kuma akwai nau'in E. coli, O157, da kan taɓa ƙodar yaro. Ciwon yakan fito tsakanin kwana ɗaya zuwa goma, shi ya sa ba ma danganta shi da fitar, sai mu ce haƙori ne ko shawara.

Gyaran ba tsada. Guntun sabulu da bidon ruwa daga gida. Kowa ya san halin pampo a garin nan, yau akwai gobe babu, don haka kada a dogara da cewa za a tarar da ruwa a can. A ware ruwan wanki daban da na sha, in ba haka ba ƙishi zai cinye shi tun kafin azahar. A zuba da buta, ruwan yana gudu, a cuɗa kumfa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, babba ya kama hannun ƙaramin ya wanke masa da kansa. Kwano guda da kowa zai tsoma hannu ba wanki ba ne, rabon dauɗa ne. Man goge hannu na ƴar kwalba da muka saba da shi tun lokacin korona yana taimakawa kafin a kai ga ruwa, amma ba ya kashe Cryptosporidium, kuma ba ya aiki sosai a hannun da ya yi ƙasa. Mafi sauƙi ma, a ci abinci tukuna kafin a shiga wajen bisashe, a shimfiɗa tabarma nesa da garke. Bibiro da ƙoƙon shan ruwa da abin wasan jariri su tsaya cikin jaka. Takalmi kuma ya tsaya bakin tabarma, domin jaririn da ke rarrafe abin da ke ƙasan silifas ɗin yayansa shi zai kai baki.

Kuskure na gaba tausayi ne ke kawo shi. Yaro ya ga akuya ta miƙo baki, sai ya ba ta burodi, biskit, sauran shinkafa, har minti da takardarsa. Iyali guda in sun yi haka ba komai, amma ku tuna iyali nawa suka wuce gabanku. Cikin akuya da tunkiya gida huɗu ne, an gina shi don ciyawa. In hatsi da fulawa suka yi yawa a tumbi sai ya yi tsami, ciki ya kumbura, dabba ta daina tuƙa, wani lokaci kafin safiya ta mutu. Leda ta fi wannan muni. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin awakin gari: dunƙulen baƙar leda a murɗe, wanda ya cika cikin har dabbar ta rame tana ci. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda, amma ga ta nan tana rataye a kowace ƙaya. Ledar ƙosai mai maiƙo da aka yar kusa da shinge, akuya ba za ta bar ta ba. A tattara shara a koma da ita, wannan yana hannunmu.

In ana son yaro ya ciyar da dabba, a tambayi mai kula da wurin abin da yake ba su. Harawar wake, ƴaƴan gawo, ɗan dussa. A koya wa yaro ya buɗe tafin hannu sarai, yatsu a haɗe, abincin a tsakiya. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, don haka da wuya su ji masa ciwo in hannun a buɗe yake. Jaki da doki kuwa suna da su sama da ƙasa, kuma ba sa ganin abin da ke daf da hancinsu, sai su haɗa da yatsa.

Sai wurin tsayuwa. Jaki da doki idanunsu a gefe suke, ba sa ganin abin da ke bayansu kai tsaye, yaro kuma tsawonsa daidai inda kofato ke sauka. A zo musu ta wajen kafaɗa, ana magana a hankali, a shafa wuya. Rago ba a tura masa goshi da wasa: kana koya masa karo ne, kuma wanda zai sha tunkuyin shi ne yaron da ya zo bayanka. Raƙumi yana harbi gaba da baya da gefe, amale kuma a lokacin sanyi, sa'ad da yake neman taguwa yana kumfar baki yana ruri, ko mai shi yana taka-tsantsan da shi. Jimina, irin mai jan wuya da ake kiwo a Kelle ta ƙasar Gure don kada ta ƙare, gaba take harbi, kuma duk abin da ke walƙiya tana kai masa sara, ɗan kunne ko madubin ido. Zomo ba a ɗaga shi ta kunne, a tallafi ƙirji da gindi, in ya yi fizga a sama bayansa na iya karyewa. Duk dabbar da ke da ɗa a gefenta kuma, ko kaza ce, a ba ta fili.

Akwai wanda yake sosa mini rai fiye da sauran, wato tilasta wa yaro don a ɗauki hoto. Na ga wani uba ya ɗaga ɗansa, bai fi shekara huɗu ba, zai ɗora shi kan doki. Yaron ya ƙanƙame wuyan rigarsa yana cewa, «Baba, tsoro nake ji, sauke ni.» Uban yana cewa, «Haba, namiji da tsoron doki? Tsaya a ɗauka mana!» An ɗauki hoton, yaron yana kuka a ciki, dokin ya kwantar da kunnuwa baya, alamar shi ma ransa ya ɓaci. Har suka bar wurin yaron bai sake yarda ya matsa kusa da ko zabo ba. Da an bar shi ya tsaya bayan ƙafar ubansa yana leƙe, ya ga yayarsa ta shafa ta dawo lafiya, da kansa zai miƙa hannu, ko ba ranar ba. Yaron da ya firgita yana ihu yana fizge-fizge shi ne kuma ya fi jawo harbi. Fitar don shi aka yi ta, in kallon kunkuru kaɗai ya ishe shi rabin awa, a bar shi da kunkurunsa.

Lokacin fita ma muna kuskure shi. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, mu kuma sai an gama girki da wanka da kwalliya, a fito ƙarfe goma sha ɗaya. A lokacin bisashe sun lafe a inuwa ba mai motsi, yara su yi ta jifansu da tsakuwa don su tashi. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi wa kowa. A riƙa ba yara ruwa tun ba su roƙa ba, wanda ya yi shiru ya yi laushi a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki. Da hunturu a tuna da mai asma, ƙurar garke da ta harawa tana tayar da ita. Da damina a tashi kafin almuru saboda sauro.

Mai juna biyu ta yi kallo daga nesa, musamman inda tunkiya ko akuya ta haihu ko ta yi ɓari. Ruwan haihuwa da mabiyiya suna ɗauke da cututtukan da ke iya zubar da cikin mace, ko da jinjirin dabbar ya yi kyau kamar a ɗauka. Zazzaɓin Rift da ya ɓarke a jihar Tawa a 2016, wajen Cintabaradan da Tasara, ya fi kama masu hulɗa da jini da ɓarin bisashe ne. Madarar da aka tatso a gabanku aka miƙo da ɗuminta, karamci ne, a karɓa a yi godiya, amma a tafasa kafin a ba yaro ko mai ciki.

Wani abin da muka mayar ba komai ba: manya su zauna dafa shayi, a ce wa ƴar shekara goma, «Ke, kula da ƙannenki.» Ita ma yarinya ce, ita ma kallo ta zo. A garka akwai rijiya da tafkin ban-ruwa, a lambu ranar Sallah akwai cunkoso. A raba yaran tun daga gida, kowane babba ya san nasa da suna, a rubuta lambar waya a saka a aljihun ƙananan. A hanyar dawowa kuma in an tare ku da ɗan biri ko ƴar barewa ko kunkurun daji na sayarwa, kada kukan yaro ya sa a saya. Daga daji aka ɗauko su, galibi ba sa daɗewa a gida, biri kuma in ya girma cizo yake yi.

In tsautsayi ya faɗa, dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, kada a shafa toka ko ƙasa ko man burki, kada a ɗaure da tsumma a ce ƙaramin ciwo ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cif, wannan wankin kansa yana rage haɗarin ciwon haukan kare sosai. Sannan a tafi likita a ranar, a faɗi irin dabbar, a tambayi allurar haukan kare da ta tetanos. Ba kare kaɗai ke ɗaukar ciwon ba, kyanwa da biri da jaki duk suna iya kamuwa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Harbi a kai ko a ciki, ko ba jini, a kai yaron a duba.

Bayan an dawo gida a sake wanke hannu, a sauya wa yara kaya, a sa musu ido kwana goma. In zawo ya zo a fara da SRO nan take, wato garin gishiri da sukari na likita, ƙunshi guda cikin litar ruwa mai tsabta, a ci gaba da ba da nono da abinci, a nemi ƙwayar zinc a CSI, wato likitar unguwa. In babu SRO a kusa, litar ruwa guda, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Kada a sayi kafso wajen masu tallar magani a tire, domin a wani nau'in zawon E. coli irin wannan maganin yana iya ƙara wa ƙoda nauyi. In aka ga jini a kashin, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya ƙi shan komai, a tafi likita ko da dare ne, kuma tun kafin majo ya tambaya a gaya masa ranar da aka je wajen bisashe da irin waɗanda yaron ya taɓa.