Kafin ku ɗora gem a Play Store

'Yan uwa masu haɗa gem a nan Sakkwato, ku gwada ɗan hoton da ke zama alamarsa (icon) tukuna. Play Store na karɓarsa a girman pixel (ɗigon hoto) 512 da 512, amma a wayar mai saukewa bai wuce girman farce ba. Ku rage shi haka, ku duba a tsakar rana. In haske ya cinye launin, a sake. Sannan ku nuna wa yaran gidan gem na unguwa, ku tambaye su wane irin wasa ne. In suka yi shiru, bai yi ba.

Gajeren bayanin gem ɗin a Play Store kuwa haruffa 80 kawai aka ba ku. Ban da cika baki. Ku faɗi abin da ɗan wasa zai yi, da ko yana buɗewa babu data.